Manhajar waya a Kurfai: a sayar ko a bayar kyauta?

Matashin da ya ƙirƙiri manhajar waya, misali ta farashin dabbobi a kasuwar Lahadi ta Balleyara, yakan tarar sanya mata kuɗi ya fi rubuta ta wuya. Google na karɓar dalar Amurka 25 kuɗin rajista, sannan tun 2021 yana cire kashi 15 cikin 100 na cinikin ƙananan masu manhaja. Wannan da sauƙi.

Matsalar tana wurin mai saye. Ɗan tireda a Tabla ko Filinge ba ya yawo da katin banki. Kuɗinsa ta Airtel Money, Nita ko Amana suke bi. Manhaja kuwa ta Xender ake tura ta daga waya zuwa waya, ba ko dala.

Dogaro da talla ma ba ya fisshe shi, domin talla na cinye datar da aka saya da ƙyar.

Abin da ya fi dacewa da aljihun mutanen Kurfai shi ne a ba da manhajar kyauta, a riƙa karɓar sefa 100 ko 200 duk mako, yadda suka saba sayen data. Sai dai ƙa'idar Play Store ta ce irin wannan biyan ta hannun Google zai bi.