Dabo Sana'a Ce, Ba Aikin Aljanu Ba

Jama'a, lokaci ya yi da za a faɗa wa 'yan dabonmu gaskiya, ko da za ta yi musu ɗaci. Abin da ke kashe wannan sana'a a ƙasar Hausa ba wa'azin malamai ba ne, ba kuma talabijin ba ce. Lalaci ne da ƙarya.

Kowa ya san yadda ake yi a bakin kasuwa. Ɗan dabo zai shimfiɗa buhu, ya ɓatar da kwabo, ya zaro ƙyalle daga baki, sannan ya rantse cewa aljanu ne suka yi masa aiki. Daga nan sai tallar laya da maganin ƙarfe. Alhali kuwa kwabon yana maƙale a tafin hannunsa, akwatin yana da ɓoyayyen gindi, surutun kuma don ya kawar da idon 'yan kallo ne daga hannun da ke aiki. Duk wannan gwaninta ce, da koyo akan iya ta. To amma wanda ya jingina gwanintarsa ga aljanu me zai sa ya zauna gaban madubi yana maimaita motsi ɗaya har hannu ya saba? Shi ya sa wasan jiya shi ne na yau. Kuma da wannan ƙaryar ce 'yan damfara ke fakewa, masu cewa za su ninka wa mutum kuɗi, har aka daina bambanta mai nishaɗantarwa da ɓarawo.

A dubi wasu ƙasashe. Ƙungiyar Magic Circle da aka kafa a Landan a 1905 tana jarraba mutum kafin ta karɓe shi. Harry Houdini na Amurka, wanda ya rasu a 1926, ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana tona asirin masu da'awar magana da matattu. Bai ɗauki faɗin cewa rufa-ido yake yi a matsayin abin kunya ba, kuma hakan bai rage masa 'yan kallo ba.

Wani zai ce ai in an cire asiri, armashi ya tafi. Sam! Ba cewa muka yi ɗan dabo ya tona dabararsa ba. Ya riƙe sirrinsa, amma ya daina ƙaryar aljanu. Mai kallo ya san yaudarar idonsa ake yi, kuma don ita ya biya kuɗinsa.

Hukumomi ma suna da nasu kason. An fara bikin Kanibal na Abuja a 2005, ga kuma Cibiyar Al'adu ta Cyprian Ekwensi a Garki. Amma gayyatar mai wasa ana gobe biki ba raya al'ada ba ce, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ba 'yan dabo ɗakin gwaji na dindindin kamar yadda ake ba 'yan rawa da 'yan wasan kwaikwayo. Mu kuma ɗaliban Hausa mu bi sauran tsofaffin gwanaye, mu rubuta kirarinsu da tarihinsu tun suna raye. In ba haka ba, nan gaba kalmar dabo sai dai a ƙamus.