Tsoron Da Ake Saye Da Kuɗi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Faskari, ya kuwa taɓa bin manya cin kasuwar Sheme ko ta Ƙanƙara a zamanin da hanya take lafiya, da wuya ya manta ranar da gardawa suka sauka: kiɗa na tashi, gardi ya sha layu da guraye, yana janye da kura a sarƙa an ɗaure mata baki da takunkumi, mu yara da zarar ta zaburo sai mu watse da ihu, amma kafin ƙura ta lafa mun komo mun sake kewaye ta, manya na jefa kuɗi. Tun a lokacin abin yake ba ni mamaki, yadda ɗan Adam, wanda Allah ya halitta da ɗabi'ar gudun abin tsoro, zai kwance lalitarsa domin a firgita shi.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Turawa sun mai da wannan sha'awa sana'a sosai, har suna gina mata gidaje na musamman, waɗanda suke kira gidajen fatalwa. A 1835 wata Bafaranshiya, Madam Tuso, ta kafa gidan mutum-mutumin kakin zuma a birnin Landan, ta keɓe ɗaki guda ga siffofin masu kisan kai da kawunan waɗanda aka fille a juyin juya halin Faransa, mai son shiga kuwa sai ya ƙara kuɗi. A Amurka, kamfanin Disney ya buɗe nasa gidan a Kalifoniya a 1969, daga nan al'amarin ya bunƙasa, har ya zama kowace shekara a watan Oktoba ana hayar mutane su yi shigar dodanni, su laɓe cikin duhu, baƙi na biyan kuɗin ƙofa suna ratsa lunguna suna kururuwa.

A ganina sirrin abin yana ga sarƙar nan da takunkumin. Jiki yana ɗaukar barazanar da gaske, gaba ya faɗi, zufa ta karyo, alhali hankali yana da yaƙinin cewa gardi na riƙe da kurarsa, ko kuwa akwai ƙofar fita a ƙarshen lungu. To haɗuwar firgici da aminci a zuciya ɗaya, ita ce lazzar da ake biya. Shi ya sa ranar da ƙofar ta gagara wasa ya koma musiba, kamar yadda ya auku a jihar Niyu Jasi a 1984, sa'ad da gobara ta tashi a wani gidan fatalwa ta halaka matasa takwas, har hukuma ta tsananta dokokin irin waɗannan gine-gine.

Na san malamanmu sun yi hani ga firgita Musulmi ko da da wasa ne, kuma hanin yana da hikima. Sai dai ina ganin akwai bambanci tsakanin wanda aka yi wa ba-zata da wanda ya kai kansa da yardarsa, na kuwa bar wa ma'abota fiƙihu tantance hukuncin. Abin da ba na jin zan iya kare shi shi ne haƙƙin dabbar, domin Bahaushe da kansa ya shaida cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance yau shi ne, tsoro ba ya sayuwa sai a garin da yake da kwanciyar hankali. Mu nan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara mun ɗanɗani irin wanda babu mai riƙe da sarƙarsa. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 aka katse mana layukan waya, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu. Yaron da ya kwana a cikin gonar dawa yana sauraron ƙarar babura, da wace kura za a razana shi?

Saboda haka idan hukuma ta ce lafiya ta samu, ni ba sanarwar rediyo zan jira ba. Zan je Sheme ranar kasuwa in duba, ko uwa za ta saki hannun ɗanta ya kutsa cikin taro ya kalli kura, ta kuwa ci gaba da cinikinta har la'asar ba tare da ta waiwaya ba.