WA ZAI KULA DA MAI JINYA IDAN TA TSUFA?

Akwai wata baiwar Allah a nan Mafoni da muka yi ajin yaƙi da jahilci tare. Shekarunta 58. Yau shekara tara ke nan tana jinyar maigidanta da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi abinci a baki. Da tana sayar da atamfa, amma jarin ya ƙare a sayen magani.

Kwanan baya ta ji ana rubuta sunayen mabuƙata a wani ofis, ta je. Sai akawu ya ce ta kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Jama'a, a Hausari aka haife ta, nan aka binne iyayenta. Kakanta ne ya zo daga ƙasar Katsina. Wai can za ta je, inda ko mai unguwa bai san ta ba? Wa za ta bar wa majinyacin?

Zalunci biyu ne aka haɗa mata. Na farko, ma'aikacin gwamnati idan ya kai shekara 60, ko ya yi 35 yana aiki, yana da fansho. Ita kuwa mai jinya ba hutu, ba albashi, kuma ranar da ƙarfinta ya ƙare ba ta da ko sisi. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, amma har yau babu dokar tarayya da ta yanka wa mai jinya alawus. Na biyu, ɗan abin da ake rabawa ma sai a ce ita baƙuwa ce.

Kada a ce mana ba ya yiwuwa. A 2007 Jihar Jigawa ta soma biyan naƙasassu Naira 7,000 duk wata. A 2011 Ekiti ta soma ba tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama Naira 5,000. A Ingila akwai alawus na wanda ke jinyar wani aƙalla awa 35 a mako. Tamu baiwar Allah kafin Laraba ta wuce awa 35.

Wasu kan ce jinya ibada ce, ladanta na wajen Allah. Gaskiya ne. To ai likita ma yana samun lada, kuma yana karɓar albashinsa ƙarshen wata.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 16, ya ɗora wa gwamnati kula da tsofaffi da marasa lafiya. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Mai karɓar haraji bai taɓa tambayarmu garin kakanninmu ba. Ruwan Alau da ya ci garin nan a Satumba 2024 ma bai tambayi kowa takarda ba.

Don haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Borno ta yi dokar biyan alawus na wata-wata ga duk wanda ya haura shekara 55 yana jinyar wani a gida. Sharaɗin ya zama zama a gari, da shaidar Bulama, da katin asibiti.

Ku kuma 'yan'uwa, kowa ya yi lambar NIN, ya adana katin asibitin majinyacinsa. Mai jinya ya zo mu rubuta sunansa, wanda ba zai iya fitowa ba ya aiko, za mu je har gida. Wanda aka kora saboda takardar asali ya faɗa mana rana da wuri. Da wannan littafin za mu je gaban wakilanmu, domin wanda ya yi shiru an ɗauka ya ƙoshi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Sakataren Ƙungiya,
Mafoni, Maiduguri.