Mota Ba Ta Haihuwa

Kaka ta shigo. An yanke hatsi, an gama roron wake, an tone gujiya da aya. Wanda Allah ya ba albarka, kuɗi sun shigo hannunshi. A wannan lokaci ne dillalan mota suke yawaita a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni. A wannan lokaci ne kuma wasu manoma da makiyaya suke saida shanu, wasu har su jinginar da gona, don su sayi mota.

Sayen mota ba laifi ba ne. Mota tana kai albasar Galmi kasuwa kafin ta ruɓe. Tana kai mace mai doguwar naƙuda asibiti cikin dare. Tafiyar da amalanke ke yi wuni guda, mota tana yin ta cikin awa ɗaya. Amma akwai abin da ya kamata mai saye shi sani tun bai kwance maraƙi ɗaya daga turke ba. Saniya tana cin ciyawa ta haihu. Mota tana cin kuɗi ta tsufa. Kuɗin da aka ba dillali ranar ciniki somin taɓi ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa.

Hanya ce ke zaɓen mota

Tambaya ta farko: wace hanya motar za ta bi, kuma me za ta ɗauka?

Babbar hanyar kwalta ta tashi daga Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, har Difa. Wanda garinsu ke bakin wannan kwalta, ƙaramar mota ta ishe shi. Amma yawancin ƙauyuka ba su bakin kwalta. Wasu sai an ratsa rairayi. Wasu sai an ƙetare gulbi ko ƙorama, kuma da damina ruwa ya kan yanke hanyar. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa ba ta wannan aiki. Za ta kafe a rairayi, ko dutse shi fasa mata tukunyar baƙin mai.

Saboda haka mai saye shi tsaya tasha ranar kasuwa, shi duba irin motocin da ke zuwa daga yankinsu. Motar da direbobin hanyar suka riƙe shekara da shekaru, ita ce hanyar ta yarda da ita.

Irin motocin da ake samu

1. Ƙaramar mota, kamar Toyota Corolla da Starlet. Ba ta shan mai da yawa. Tayunta da kayan gyaranta ba su da tsada. Ta dace da iyali da aikin taksi a kan kwalta. Ba ta dace da buhunan hatsi ba.

2. Tsohuwar Peugeot, wadda mutane ke kira Fijo. 404 ta fito a 1960, 504 ta fito a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa ta cika hanyoyin ƙasar Hausa. Mota ce mai haƙuri, kuma tsofaffin makanikai sun san cikinta kamar yunwar cikinsu. Amma an daina haɗa 504 a Kaduna tun kafin 2010. Duk wadda aka gani yau tsohuwa ce. Kuɗinta kaɗan ne, ciwonta da yawa.

3. Akori-kura, wato bashe, kamar Toyota Hilux. Ita ce jakar manomi. Tana ɗaukar buhuna, da tumaki, da takin zamani. Akwai mai ja da ƙafa biyu, akwai mai ja da ƙafa huɗu, wadda ake kira katkat. Katkat ta fi ƙarfin rairayi, amma ta fi tsada, ta fi shan mai, kuma abubuwan lalacewa sun fi yawa cikinta.

4. Land Cruiser. Ita ce raƙumin motoci. A arewacin Dakwaro, Tanut da Abalak ba ta da kamarta. Amma tayarta ɗaya ta kan ci kuɗin rago. Wanda ba shi da aikin da zai biya ta, shi bar ta.

5. Bas ƙarama, kamar Toyota Hiace. Ta fasinja ce. Tana kawo kuɗi in akwai mutane kullum. Wanda zai saye ta, shi fara sanin dokar tasha da ta ƙungiyar direbobi.

Akwai kuma sababbin motoci masu kyan gani, waɗanda injinsu ke aiki da kwamfuta. In ta tsaya, sai an kai ta birni an jona mata na'ura kafin a san ciwonta. Mai giyar otomatik kuwa, in batirinta ya mutu, turi ba ya tada ta. Mutumin ƙauye shi yi tunani a kan wannan.

Makaniki da kayan gyara

Ba a sayen doki a garin da babu mai ɗori. Kafin ciniki, mai saye shi je garejin da ya fi kusa da garinsu. Shi tambayi makaniki: «Maigida, ka san wannan mota? Ana samun kayanta a nan, ko sai an aika Kano ko Yamai?» In makaniki ya girgiza kai, a bar motar, ko da an rage rabin kuɗinta.

Kayan gyara daga waje suke zuwa, kuma abin da ya faru a nesa ya kan taɓa aljihun mai mota. A watan Janairu 1994 darajar sefa ta ragu da rabi, kayan gyara suka yi tsada ƙwarai. A 2023 an rufe iyakar Nijar da Binin. Motoci da kayan da ke biyowa ta tashar jirgin ruwa ta Kotonu suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara nisa. Motar da ta yi yawa cikin ƙasa ita ke jure irin wannan lokaci, don ko babu sabon kaya, ana samun na hannu.

Yadda ake duba mota

Makiyayi ba ya sayen sa sai ya buɗe bakinshi ya ga haƙora, ya duba kofato, ya sa an kora shi ya ga tafiyarshi. Haka ake yi wa mota. Ba a cinikin biri a sama. Mai saye shi tafi da makanikin da shi ya zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba.

1. A tada injin da safe, tun shina da sanyi. Injin da aka riga aka ɗumama ya kan ɓoye ciwonshi.

2. A dubi hayaƙi. Shuɗi, injin na ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da bai ɗaukewa, ruwa na shiga injin. Baƙi, motar na shan mai fiye da ƙa'ida.

3. A zaro sandar awon baƙin mai. In man ya yi fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya gauraya da shi. Wannan gyara ne babba.

4. A shiga ƙarƙashin mota. A nemi tsatsa, da walda, da inda mai ke ɗiga. Motocin da suka fito Turai sun taka gishirin da ake zubawa a hanya lokacin sanyi, kuma gishiri na cin ƙarfe. Sabon fenti a sama ba ya warkar da ruɓa a ƙasa.

5. A karanta taya. A gefenta, kusa da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara 6, ko zanenta na da kyau, zafin bazara na iya fasa ta.

6. A tuƙa motar a kwalta da kuma rairayi. A gwada birki, a shiga kowace giya, a saurari ƙara.

Lambar kilomita da ke gaban direba ba shaida ba ce. Ana iya maida ta baya.

Takardu

A nan ne karatu ke ceton dukiya. Kowace mota tana da lambar jiki, an buga ta a kan ƙarfe. Wannan lamba tana cikin takardar mota, wadda ake kira kart giriz. Mai saye shi karanta su biyun da idonshi, harafi bayan harafi. In ko ɗaya ya saɓa, shi maida kuɗinshi aljihu. Wataƙila motar sata ce.

Shi nemi takardar duwan, wadda ke nuna an biya kuɗin shigowa. Motar da ba a biya wa duwan ba tana da araha, amma ranar da aka kama ta, arahar ta ƙare. Bayan haka akwai asiransi, da binyet, da bizit, wato duba lafiyar mota. Waɗannan suna da wa'adi, sabunta su ake yi. Direba kuma shi kasance da parmi nashi na gaskiya. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu, a kai a buga mata hatimi, a sake kart giriz da sunan sabon mai ita.

Lissafi

Ga misali. Waɗannan kuɗi na koyon lissafi ne, kowa shi sa na garinsu. Jika ɗaya ita ce sefa 1,000.

Wani manomi ya saida shanu ya sayi akori-kura a kan jika 3,000, wato miliyan 3. Garinsu na da nisan kilomita 40 daga Maraɗi. Shina zuwa kasuwa Litinin da Juma'a. Zuwa da komowa kilomita 80 ne, motar kuma ta sha lita 10. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage litar esansi zuwa sefa 499, gazuwal zuwa 618. A kan wannan farashi, lita 10 na esansi kusan jika 5 ne.

Abin da ya shigo ranar kasuwa: jika 20.
Mai: jika 5.
Direba da yaron mota: jika 4.
Tasha da abinci: jika 1.
Saura: jika 10.

Manomin ya ga jika 10 a hannu, ya ce riba ce. A shekara ya yi kasuwa 100, ya tara jika 1,000. Amma motar ba ta gama cin nata ba.

Tayu: jika 200.
Juyen baƙin mai da matatai: jika 60.
Takardu: jika 140.
Gyara: jika 300.
Jimla: jika 700.

Jika 1,000 a ɗebe 700, saura 300. Ribar gaskiya jika 3 ce kowace kasuwa. A haka sai ya shekara 10 kafin kuɗin shanunshi su komo, kuma a lokacin motar ta zama ta masu awon ƙarfe. Shanun kuwa, da an bar su, da sun hayayyafa.

Shanu ma suna da tasu hasara. Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da garke ya ƙare a gaban mai shi. Kuma in motar na aiki kwana biyar a mako, da kaya zuwa da komowa, lissafin ya kan sake. Abin da ake so shi ne kowa shi yi lissafin kafin ciniki. Wanda lissafinshi bai fita ba, shina iya haya ranar da yake bukata. Manoma biyar ko goma kuma suna iya gama kai su sayi mota ɗaya, su sa wanda ya iya rubutu shi riƙe littafi.

Kada a saida garke duka. Kada a taɓa gona, kada a taɓa rumbun cimaka. Wanda kuɗinshi suka ƙare ranar saye, gyaran farko zai aje motar bisa duwatsu, kaji su yi ƙwai cikinta.

Zama da mota

Mai shi ne abincinta. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke tace mai cikin ƙasa. A 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, man kwalba na bakin iyaka ya yi tsada. A farkon 2025 an yi ƙarancin esansi, motoci suka yi dogon layi a gidajen mai. Mai mota shi san cewa farashi da samuwa suna sakewa. In dole ta sa ya sayi man kwalba, shi tace shi da tsumma mai tsabta, don ƙasa da ruwa na kashe injin.

Kowace safiya, kafin a tada mota, a duba baƙin mai, da ruwa, da iskar taya. A juye baƙin mai duk kilomita 5,000. Da hunturu, a riƙa kakkaɓe matatar iska saboda ƙura. Ruwan rijiya mai kanwa na toshe tukunyar ruwa. In injin ya yi zafi, kada a buɗe murfin ruwa sai ya huce, don tururi na ƙona fuska.

Kart giriz ta faɗi yawan mutane da nauyin da motar ke ɗauka. Wanda ya ninka kaya don shi ninka kuɗi, shi ne ke karya sifirin, shi fasa taya. Birki kuma ba ya kama motar da ta yi nauyi fiye da ƙarfinta. Mutanen da ke zaune bisa buhuna iyayen wasu ne, ɗiyan wasu ne. In ƙorama ta kawo ruwa, a jira shi wuce. Kwana ɗaya a bakin gulbi ya fi zaman makoki.

Sai maganar ƴan uwa da maƙwabta. Mai mota a ƙauye ba ya rasa masu roƙo: biki, suna, ta'aziyya. Taimako abu ne mai lada, kuma marar lafiya ba a yi mashi ciniki. Amma ga sauran tafiye-tafiye, shi faɗi tun farko cewa mai tafiya shi zuba mai. Faɗin gaskiya da wuri ya fi ɓacin rai daga baya.

Abu na ƙarshe shi ne littafi. Mai mota shi sayi kaye da biro, shi aje cikin mota. Shafin dama, abin da ya shigo. Shafin hagu, abin da ya fita. Kowace kasuwa shi ware kuɗin taya da gyara, shi aje su dabam, ko da motar na lafiya. Ƙarshen wata shi haɗa lissafi. In wata shida suka wuce hagu na rinjayar dama, shi saida motar tun tana da daraja, shi maida kuɗin cikin bisashe.

Wanda ya koyi karatu da lissafi a makarantar yaƙi da jahilci, ga wurin da za su yi mashi rana. Wanda bai shiga ba tukuna, rani na tafe, kuma ƙofa a buɗe take. Allah shi kiyaye hanya, shi sa albarka cikin abin da aka noma.