Na'urar Kama Masu Gudu da Mota: Tana Ceton Rai Kuwa?

Tun ran da mota ta yawaita a duniya ake neman dabarar hana direbobi gudun ganganci. Ɗan sanda ba zai iya tsare kowace hanya dare da rana ba, don haka Turawa suka ƙago wani akwati mai kyamara, a kafa shi a bakin titi. Shi zai auna gudun mota, in ta zarce ƙa'ida ya ɗauki hoton lambarta, sai mai motar ya ga takardar tara ta iske shi har gida. Abin dariya, wanda ya fara ƙera na'urar, Maurice Gatsonides, mutumin ƙasar Holan, ɗan tseren mota ne, don ya auna gudun kansa ya yi ta. Ingila ta fara kafa irinta a yammacin Landan cikin 1992.

To, direbobi da yawa cewa suke yi wannan tarkon kuɗi ne kawai, ba ta hana kowa mutuwa. Maganar ta isa a dube ta da natsuwa.

Mu ɗauki Faransa. Cikin 2002 Shugaba Jacques Chirac ya sa kiyaye haɗarin mota cikin manyan ayyukan mulkinsa, aka fara kafa na'urorin a ƙarshen 2003. Waɗanda mota ta kashe cikin 2002 sun haura 7,000, amma cikin 2010 ba su kai 4,000 ba. A tsakanin nan matsakaicin gudun motocin ƙasar ya ragu da wajen kilomita 10 a awa. Lalle ba na'urar kaɗai za a yaba ba, gama an ƙara tsananta wa masu tuƙi a buge, ƙirar motoci kuma ta inganta. Amma rage gudun nan ba ƙaramin abu ba ne. Motar da ke tafiyar mil 60 a awa, ƙarfin karonta ya ninka na mai tafiyar mil 30 sau huɗu, ba sau biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗarin da ake mutuwa a ciki yakan ƙaru da wajen kashi 4.

Akwai wata hujja ta masu suka wadda ta fi ta tarkon kuɗi nauyi, kowane malamin makaranta zai gane ta. Yaron da ya yi mummunar faɗuwa a jarrabawa ɗaya, galibi yakan ɗan farfaɗo a ta gaba, ko an yi masa bulala ko ba a yi ba, domin faɗuwar farko har da rashin sa'a a ciki. Malamin da ya dake shi kuwa sai ya ce bulalarsa ce ta yi aiki. Haka hanya take. Inda aka yi munanan haɗura a jere, nan ake garzayawa a kafa na'ura, alhali ko ba ita lissafin shekara mai zuwa zai iya sauka. Rahoton Gwamnatin Ingila na 2005 ya nuna mutuwa da munanan raunuka sun ragu da kashi 42 cikin 100 a wuraren da aka kafa ta, amma da aka gwada cire rabon sa'a a waɗansu wuraren sai adadin ya ragu ƙwarai, ko da yake bai ɓace ba. Masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara bincike 35 cikin 2010, suka tarar da raguwar haɗura masu kisa ko mummunan rauni daga kashi 11 zuwa 44 cikin 100. Watau dai na'urar tana ceton rai, sai dai ba ta kai yadda masu yabonta ke zuzutawa ba.

Aibinta sananne ne. Direba ya san inda take, ya taka burki a gabanta, ya wuce ya ci gaba da halinsa. Maganin wannan shi ne kyamara biyu, ɗaya a farkon zango ɗaya a ƙarshe, a lissafa lokacin da mota ta ɓata a tsakaninsu, kamar yadda aka yi a hanyar A9 ta Sikotilan tun 2014. In kuwa jama'a suka ɗauka kuɗinsu ake nema, sai su huce a kan akwatin. A farkon 2019 Ministan Cikin Gida na Faransa ya ce masu zanga-zanga sun lalata wajen kashi 60 cikin 100 na na'urorin ƙasar.

Mu a nan, in mahukunta suna da niyyar sayowa, shawararmu ita ce su fara da littafin rajistar motoci. Hoton lamba ba shi da amfani in lambar ta goge, ko an sayar da motar sau uku ba a sāke sunan mai ita ba, ko kuwa ba a san gidan da za a kai takardar tara ba. Bayan wannan a kafa ta inda ake mutuwa, a sa allo babba tun daga nesa, kowace shekara kuma a buga wa jama'a yawan kuɗin tarar da aka tara, da abin da aka yi da su, da yawan mutanen da suka mutu a wurin kafin a kafa da bayan an kafa.