Wai "ai masu kuɗi ne ke hawa jirgi": ku zo mu duba tikitin kawuna

1/ Duk lokacin da aka ƙara harajin tikitin jirgi sai ka ga samari a nan suna cewa "Allah ya ƙara, ai masu kuɗi ne ke hawa." Ni ma na taɓa faɗa. Na daina ranar da kawuna ya miƙo mini wayarsa a Dayi ya ce in karanta masa tikitin Masar.

2/ Matarsa zai kai asibiti Alkahira. Manomi ne, masara da waken suya. San noma ɗaya ya tafi, masarar da ya adana ta tafi, 'yan'uwa suka yi karo-karo. Wannan ne "mai kuɗin" naku.

3/ Ga abin da ke cikin tikitin fita waje bayan kuɗin kujera. FAAN tana karɓar dala 100 kan kowane fasinja. Da dala 50 ne, a 2020 aka ninka, ana tsakiyar korona. NCAA kuma tana da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin tikiti.

4/ Sai dala 20 na tsaro. Wannan ya shafe mu ta wata fuska: an sa shi ne a 2010, bayan Umar Faruk Abdulmutallab, wanda gidansu 'yan Funtuwa ne, ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin Amurka ranar Kirsimetin 2009. To, an ji, tsaro dole ne. Amma shekara 15 ana karɓa. Wa ya taɓa fitowa ya ce ga abin da aka tara, ga na'urorin da aka saya?

5/ Maimakon lissafi, sai ƙari. Daga 1 ga Disamba 2025 aka ɗora dala 11.5 na tsarin APIS, wai don a tattara bayanan fasinja kafin ya iso. Ya zama 31.5 ke nan, a fita a biya, a dawo a biya.

6/ Mu yi lissafin 'yan firamare. 100 da 31.5, dala 131.5. A ce dala tana ₦1,500, ₦197,250 ke nan. Mafi ƙarancin albashi ₦70,000 ne. Kusan albashin wata uku kafin jirgi ya motsa. Kawu da matarsa su biyu, ₦394,500. Ban sa na dawowa ba, ban sa kashi 5 ba, ban sa na can Masar ba.

7/ Kuma ku lura, da dala aka yanka. Naira ta faɗi a 2023, harajin ya haura da kansa ba tare da kowa ya sa hannu a wata takarda ba. Shi kuwa manomi da naira yake sayar da masara, ga farashinta ya karye, taki bai karye ba.

8/ Wani zai ce filin jirgi ba da yawu ake gyara shi ba. Gaskiya ne, ban ce a hau kyauta ba. Amma a 2024 ƙungiyoyin ma'aikatan jiragen sama da kansu suka yi ta ƙorafi cewa gwamnatin tarayya na zare rabin kuɗin shigar waɗannan hukumomi. Ashe da sunan filin jirgi ake karɓa, rabi kuma ya wuce baitulmali. Ku kira shi haraji kawai mana, a daina ce masa kuɗin hidima.

9/ Abin dariya: a Abuja shugabannin ECOWAS suka zauna a Disambar 2024 suka amince a soke wasu harajin tikiti, a rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 daga 1 ga Janairu 2026. Wata guda kafin ranar, mu muka ƙara.

10/ Ku tsaya ku tuna su wa kuka sani da suka bi hanyar Gwarzo zuwa Kano da fasfo a jaka. Tsohuwar da ta yi shekaru tana adashen Umara. Yaron da ya samu tallafin karatu. Matar da za ta je aikatau Saudiyya da bashin tikiti a wuyanta. Mara lafiya. Babban mutum kuwa dala 100 ɗaya yake biya da kawuna, shi ko ji ba zai yi ba, sau da yawa ma ofis ne ke biya masa.

11/ Da asibitinmu na aiki, me zai kai mutumin Dayi Alkahira? An kasa yi masa magani a gida, sannan an tare shi a ƙofa an caje shi kuɗin fita.

12/ Abu biyu nake nema. A riƙa buga abin da aka tara na dala 20 da 11.5 duk shekara da inda ya tafi. A kuma cire wa mai takardar asibiti da ɗalibi, tunda an iya cire wa jami'an diflomasiyya. Ku da ke yankin Malumfashi da Ƙafur, ɗan majalisarmu na tarayya yana da shafi, ku tambaye shi.

13/ Likita ya ce su koma bayan wata shida. San noma ɗaya ya rage, kuma damina na tafe.