Ɗan makullin da ke saman wayarki

Ki duba saman wayarki, kusa da alamar batir. Idan kin ga hoton ɗan makulli ko haruffan VPN, to an kunna wata manhaja a wayar, kuma galibi aikin yaran gida ne.

VPN tamkar ɗan aike ne da kike ba kwano a rufe. Kamfanin layi yana ganin an fita da kwano, amma bai san gidan da za a kai shi ba. Shi ya sa bankuna da manyan kamfanoni suke amfani da ita wajen haɗa rassansu da hedikwata, don kada ɓarayin intanet su leƙa bayanan kuɗin jama'a.

'Yan Najeriya da dama sun fara jin sunanta ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter. Matasa suka yi ta sauke VPN don su zagaye haramcin, har ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya yi barazanar gurfanar da masu karya umarnin. Sai ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe shafin.

Mutanen Gatawa, Sabon Birni da Isa sun ga abin da ya fi haka zafi. A watan Satumban 2021 aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. A nan VPN ba ta tsinana komai ba, domin in babu sabis babu hanyar da ɗan aike zai bi. Masu POS suka tsaya cak, kuɗin cefane da 'ya'ya ke turowa daga Legas ko Kano ya maƙale, wasu suka koma neman sabis ɗin Nijar. Duk lokacin da hukuma ta yi wa kowa kuɗin goro, ƙaramin ɗan kasuwa ne ke fara ji a jikinsa.

Indiya ta bi wata hanya a 2022. Ta umarci kamfanonin da ke sayar wa jama'a VPN su riƙa adana bayanan masu amfani da su na shekara 5, amma ta cire wadda ma'aikatu ke amfani da ita a cikin gida. Kamfanoni irin su ExpressVPN da NordVPN suka kwashe na'urorinsu daga ƙasar. Ko ba komai, dokar ta bambance kariyar kasuwanci da ɓoye laifi. Idan 'yan majalisarmu za su taɓa wannan batu, wannan bambancin ne ya kamata su fara yi.

Kafin nan, ke ce hukumar wayarki. Haɗarin da ya fi kusa da ke shi ne VPN ta kyauta, wadda yara ke saukewa don neman data a banza ko buɗe shafukan da aka toshe. Mai wannan manhaja ɗan aike ne da ba ki sani ba. Yana ganin duk inda wayar ke shiga, kuma in mugu ne zai nemi izinin karanta saƙonninki, inda lambar sirrin banki ke shigowa.

Don haka wayar da kike karɓar kuɗin ƙuli-ƙuli ko na adashe kada a sa mata VPN ta kyauta. Ki shiga saitin wayar ki goge wadda ba ki san wanda ya sa ba. In yaro ne, ki zaunar da shi ki ji abin da yake buɗewa da ita, cikin lalama. Idan kuma kin riga kin shiga manhajar banki alhali tana kunne, ki canza lambar sirrinki yau.

Allah ya tsare mana dukiya da zuri'a, ya kawo wa ƙasar Gobir zaman lafiya.